Gizo-gizo, Gizo da Ankabut: Tambayoyi da Amsoshi ga Hausawan Makka

A gidajenmu na Shara Mansur da Hindawiyya da Jarwal, ƙwaro ɗaya suna biyu gare shi: kaka ta ce gizo-gizo, jika ya ce ankabut. Kowane suna kuma da kayan da aka ɗora masa. Na Hausa ya zo da tatsuniya da bakan gizo da tautau, na Larabci ya zo da sura guda a Alƙur'ani da labarin kogo da wasu kalmomin asibiti. Tambayoyin da ke ƙasa su ne mazauna da alhazai suka fi yi. In aka bi diddigi, da yawansu ba a kan ƙwaron ba ne, a kan abin da aka laƙaba wa sunansa ne.

Gizo-gizo ƙwaro ne kamar ƙuda da kyankyaso?

A bakin Bahaushe ƙwaro ne, ba kuma wanda zai ce ka yi kuskure. Masana halittu dai sun ware shi. Ƙuda da sauro da kyankyaso ƙafa shida gare su, jikinsu gaɓa uku, yawancinsu da fiffike. Gizo-gizo ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba fiffike. Danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Yawanci ido takwas ne da shi, wani shida, amma duk da tarin idon masu saƙa ba su gani sosai, da motsin zare suke sanin abin da ya faɗa tarko. Ba ya tauna abinci. Dafi yake zuba wa abin da ya kama, ya bi shi da wani ruwa mai narkarwa, sannan ya zuƙe, shi ya sa kake ganin ƙuda a rataye ba komai a cikinsa sai ɓawo.

Kundin sunayensu na duniya, wanda ake ajiye da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya haura nau'i 50,000 a shekarar 2022. Mafi nauyi yana dazukan Kudancin Amurka, yakan kai giram 170. Mafi dogon ƙafa kuwa a kogunan dutse na ƙasar Lawos aka same shi, faɗinsa ya kai santimita 30.

Daga ina zaren yake fitowa, kuma yaya yake saƙa?

Daga ƙarshen cikinsa, ba daga baki ba. Akwai wasu 'yan ƙofofi a can da ke fitar da ruwa mai kauri, yana jan sa yana daskarewa ya zama zare. Mai saƙar da'ira yakan mallaki zare har iri bakwai: na gini daban, na kamu daban, na naɗe abin da ya kama daban, na rufe ƙwai daban.

Wanda ke son gani da idonsa ya hau saman bene bayan magariba da fitilar waya, ya duba tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Da farko zai saki zare ɗaya iska ta ɗauka har ya maƙale a wancan gefe. Ya bi ta kansa ya dawo, ya ninka shi. Sai ya sauko daga tsakiya ya kafa ƙasa, ya zagaye da iyaka, sannan ya riƙa jan layuka daga cibiya zuwa baki, ɗaya nan ɗaya can don kada saƙar ta karkace. Bayan haka ya yi wani zagaye na wucin gadi daga ciki zuwa waje, marar danƙo, na takawa kawai. Daga ƙarshe ya juyo daga waje zuwa ciki yana shimfiɗa mai danƙon, yana cinye na wucin gadin a hanya. Aikin bai cika wuce awa ɗaya ba. Da yawansu kan cinye tsohuwar saƙar su sake sabuwa kowane dare. Shi kansa ba ya maƙalewa, don ya san layukan da ba danƙo, ga gashi da wani maiƙo a ƙafafunsa.

Malam, Alƙur'ani ya ce gidansa ne mafi rauni, masana kuma sun ce zarensa ya fi ƙarfe ƙarfi. Ya ke nan?

Suratul Ankabut ita ce ta 29, ayoyinta 69. A aya ta 41 Allah Ya buga misalin waɗanda suka riƙi majiɓinta koma bayanSa da gizo-gizon da ya riƙi gida, kuma mafi raunin gidaje shi ne gidan gizo-gizo. Gida ayar ta ambata, ba zare ba. Zaren da yake rataya da shi, in aka gwada nauyi da nauyi, yana gogayya da ƙarfe, ga shi yana miƙewa kafin ya tsinke. Amma aikin gida shi ne tare rana da ruwa da iska da maƙiyi, saƙar gizo kuwa ba ta tare ko ɗaya. Tsintsiya ɗaya ta gama da ita. Babu karo tsakanin maganar biyu.

Akwai masu wa'azin bidiyo da ke ƙarawa cewa tunda aikatau ɗin ayar na mace ne, to Alƙur'ani ya riga masana faɗin cewa macen ce kaɗai ke saƙa. Wannan janyo magana ce. Kalmar ankabut a Larabci galibi ta mace ake ɗaukar ta, ko namiji ake nufi ko mace. Namijin ma yana saƙa tun yana ƙarami, sai ya balaga ne yakan bar tarko ya shiga yawon neman mace. Ayar ba ta bukatar a toka ta da abin da bai tabbata ba.

An taɓa saƙa riga da zaren, a Madagaska, daga gizo-gizo fiye da miliyan ɗaya, aka nuna ta a Landan a 2012. Kiwonsu dai ba ya yiwuwa, don in ka tara su wuri ɗaya junansu za su cinye.

Gaskiya ne gizo-gizo ya yi saƙa a bakin Kogon Saur?

Ita ce tambayar da duk wanda ya taɓa raka alhazai ziyara ya sha. A raba ta biyu.

Abin da ba ja a kansa: a shekarar hijira, 622, Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun fita Makka suka nufi kudu, alhali Madina arewa take, suka ɓuya kwana uku a wani kogo a kan Dutsen Saur, kimanin kilomita 4 daga Harami. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo musu labari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki su sha nono su kuma shafe sawu, Ƙuraishawa sun sa ladan raƙumi 100. Masu neman sun zo har bakin kogon. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abubakar ya ce da ɗayansu zai dubi ƙarƙashin ƙafarsa da ya gan su, Annabi (SAW) ya ce masa mene ne zatonsa da mutum biyu da Allah ne na ukunsu. Aya ta 40 a Suratut Tauba ma a kan wannan take.

Zancen saƙar kuwa ba ya cikin Buhari da Muslim. Ya zo a Musnadin Imamu Ahmad daga Ibn Abbas. Ibn Kasir da Ibn Hajar sun kyautata isnadinsa, Shaihu Albani da Shaihu Ibn Usaimin sun raunana shi. Ƙarin da ake yi na kurciyoyi biyu da ƙwansu ya fi wannan rauni. Saboda haka wanda ya ba da labarin saƙar yana da magabata, wanda ya ce bai inganta ba shi ma yana da nasa, ba abin ɗaga murya ba ne a cikin motar ziyara. Ni dai a ganina hadisin Buhari ya fi girgiza zuciya: ƙofa a buɗe, ƙafafun maƙiya a gaban ido, ba labule ko na zare, aka kuma tsira.

Hawa dutsen ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Tsayi gare shi, hanyar da santsin duwatsu, mai ƙarfi ma yakan yi fiye da awa ɗaya kafin ya kai. Hajiya mai ciwon gwiwa ko hawan jini ta tsaya daga ƙasa ta kalla, ba abin da ya ragu a ladanta. Kuma kada kowa ya sayi wani ƙulli da aka ce yanar kogon ce.

Ya halatta a kashe shi, musamman a cikin Harami ko ana cikin harama?

Dabbobin da hadisi ya ambata ana kashewa ko a Harami su ne hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, wata ruwayar ta ƙara maciji. Gizo-gizo ba ya ciki. Maganar nan da ke yawo cewa shi shaiɗan ne a kashe shi, malaman hadisi ba su inganta ta ba. Haka kuma ba wani nassi ingantacce da ya ba shi alfarma saboda kogo. Ƙa'idar da malamai ke bi ita ce mai cutarwa a kawar da shi, marar cutarwa a ƙyale shi. Malikiyya, mazhabar da yawancinmu muka taso a kai, sun fi tsaurarawa ga mai harama: ba sa son ya kashe ƙananan ƙwarin da ba su cuce shi ba, in ya yi sukan ce ya ciyar da ɗan abinci. In ka gan shi a tantinka a Mina, sa kofi da takarda ka fitar da shi, ka huta da neman fatawa.

Iyayenmu sun ce barin yana a ɗaki yana jawo talauci. Wasu kuma sun ce alamar sammu ce.

Maganar talaucin ana jingina ta ga Sayyidina Ali a wasu littattafan tafsiri, amma isnadinta ba shi da ƙarfi. Iyaye dai sun san abin da suke yi: ɗakin da yana ta cika, ɗaki ne da aka kwana biyu ba a ɗaga kai an share ba. Share ta tsafta ce, a yi. Zancen sammu kuwa, yawancin masu yaɗa shi suna da ruwan ruƙiyya na sayarwa. Gizo-gizo inda abinci yake nan yake kafa tarko. In yana ta yi yawa a kicin ko bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙuda da sauro ne suka yi yawa, a nemi inda suke shigowa.

Cizonsa yana kisa? Wanne ne abin tsoro a nan?

Kusan dukkansu suna da dafi, amma na kama ƙwari ne, yawancinsu ma haƙorinsu ba ya huda fatar mutum. Mai dogayen siraran ƙafafun nan na kusurwar bayi, wanda in ka taɓa zarensa yake ta karkarwa, ba ruwansa da kowa. Haka ɗan gajeren nan mai tsalle a bango.

Iri biyu ne ake kiyaya da su a wannan yanki. Na farko shi ne wanda Larabawa ke kira armala: macen mai ƙwallon ciki ce, baƙa ko ruwan ƙasa, a ƙarƙashin cikin akwai tabo ja ko ruwan lemo mai faɗi sama da ƙasa, tsakiyarsa a tsuke. Saƙarta a hargitse take, kusa da ƙasa, a ƙarƙashin kujerun tsakar gida, cikin tsofaffin tayoyi, akwatin mitar ruwa. Jakar ƙwan mai ruwan ƙasar ƙaya-ƙaya ce kamar ƙarangiya, da ita aka fi gane wurin. Dafinta jijiya yake kamawa: zafi ya bazu, ciki da baya su ɗaure, gumi ya karyo, jini ya hau. Na biyu ɗan ruwan ƙasa ne mai ido shida, mai ɓuya a kwali da bayan kabad da tufafin da aka daɗe ba a sa ba. Cizonsa ba ya zafi da farko, amma a jikin wasu wurin yakan yi baƙi ya zama gyambo.

Mutuwa daga ɗayansu abu ne mai wuyar faruwa. Mai mugun sunan nan na birnin Sidni a Ostireliya ma, tunda aka samar da makarinsa a 1981 ba a sake rubuta mutuwa daga cizonsa ba. A ƙasar nan kunama ce ta fi cika asibiti, baƙar mai kaurin wutsiya da rawayar.

In an ciji mutum, a wanke da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin ƙyalle, a ɗaga gaɓar. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri. In an ga ƙwaron a ɗauki hotonsa. Yaro da tsoho da mai juna biyu, ko duk wanda jikinsa ya fara ɗaurewa, asibiti kai tsaye. Lambar neman shawara ta Ma'aikatar Lafiya 937 ce, ta motar asibiti 997.

Na tashi da kurji mai ruwa a wuya, an ce tautau ne ya yi mini fitsari.

Tautau ya daɗe yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Gizo-gizo ba ya yin fitsarin da ke ƙona fata. Abu uku ne suka fi kawo irin wannan.

Akwai wani siririn ƙwaro da bai kai santimita ɗaya ba, baƙi da ja-ja, mai bin hasken fitila a wuraren noma da bayan ruwan sama. Waɗanda suka zauna Sudan ko gabashin Afirka sun san shi. Ba ya cizo, amma in ka murje shi a jiki cikin barci ruwan cikinsa yana ƙona fata, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga jan layi da ƙuraje, har in a gwiwar hannu ne ka ga tabon ya kwafu a ɗaya gefen. Maganinsa a hure shi, kada a mare shi, a wanke wurin nan take, kuma kada hannun ya je ido.

Na biyu ya fi muhimmanci. In ƙurajen sun jeru a gefe ɗaya na jiki, da zafi mai suka tun kafin su fito, galibi ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro ta farfaɗo. Maganinta ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72, don haka kwanakin da ake ɓatawa ana shafa toka da man zaitun asara ce, balle in a fuska ne kusa da ido. Na uku maruru ne na ƙwayar cuta. Likitoci sun daɗe da lura cewa yawancin abin da ake kawo musu da sunan cizon gizo-gizo, ba wanda ya ga gizo-gizon.

Ƙaton nan mai gudu na sahara, wanda aka ce yana cin naman raƙumi fa?

Shabas ke nan, wasu su ce ankabutul jamal. Duk wanda ya yi kiwo ko gadin gona a bayan gari ya san shi: ruwan yashi, gashi buzu-buzu, manyan muƙamuƙai, in ka ƙirga sai ka ga ƙafa goma, amma biyun gaban na lalube ne. Ba gizo-gizo ba ne, ɗan uwa ne kawai. Ba ya saƙa, ba shi da dafi. Labaran da suka cika duniya a kansa sun yaɗu ne da hotunan sojojin Amurka a yaƙin Iraƙi na 2003, inda aka kusanto da shi gaban kyamara ya zama dodo. Manyansu ba su wuce santimita 15 har da ƙafafu ba, gudunsu bai wuce kilomita 16 a awa ba. Biyo mutum da yake yi da rana inuwarka yake nema, da dare kuma ƙwarin da fitila ta tara. In ka matsa masa zai cije ka, da zafi kuwa, sai a wanke a kula kada wurin ya ruɓe.

Ana sa yana a kan yanka don tsayar da jini?

An yi a da, a ƙasar Hausa da Turai duka. Yanar ɗaki ƙura ce da gawar ƙwari, tana iya shigar da cutar nan mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. A danne da ƙyalle mai tsafta, in yankan ya yi zurfi a je a ɗinke.

Gizo na tatsuniya shi ne gizo-gizo?

Yaranmu da aka haifa a nan su suka fi yin wannan tambaya. Za ka ji tsohuwa a saman bene, dare ya yi, an kashe talabijin da ƙyar, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Biyu su amsa, "Ta zo mu ji ta," na ukun yana danna waya. Ba ta kai ko'ina ba sai ƙaramin ya katse ta: "Kaka, Gizon nan ankabut ne walla mutum ne?" Ta ce, "Kai maigida, in za ka ji ka ji. Ankabut yana da mata? Yana zuwa fada gaida sarki?" Ya ce, "To me ya sa sunansu ɗaya?" Ta ce, "Ka tambayi Ƙoƙi."

Amsar kakar ba ta kauce ba. Gizo a tatsuniya yana noma, yana cin bashi, yana aure, yana da tsamin baki, ga haɗama ga wayo. Shi ne ya ɗaura wa giwa da dorina igiya ɗaya kowacce tana zaton da shi take ja. Shi ne hankaki suka ara wa gashi ya tashi zuwa ɓauren tsakiyar ruwa, ya hana su ci, suka karɓe gashinsu suka bar shi a can. Shi ne ya manne a jikin 'yar danƙo garin sata. Halin mutum ne tsaf. Sai in asiri ya tonu an biyo shi ne yakan haye rufin ɗaki ya lafe, a nan ne ake tunawa da ƙwaron. Matarsa Ƙoƙi ma akwai ƙwaron da ke ɗauke da sunanta, ƙoƙi-ƙoƙi mai naɗe hannuwa. Daga nan aka sami karin maganar da ake yi wa mai maimaita zance ɗaya, tatsuniyar Gizo ba ta wuce Ƙoƙi. Mai tatsuniya kuma in ya rufe da ƙurunƙus, Gizo yake jingina wa ƙaryar.

Ba mu kaɗai ke da shi ba. Mutanen Akan na Gana suna da Ananse, shi ma gizo-gizo ne mai wayo, kuma bayin da aka kwasa sun tafi da shi har Jamaika, inda ake ba da labarinsa har yau. Namu an fara tara shi a rubuce da yawa tun zamanin Frank Edgar, wanda ya buga littafin tatsuniyoyi mujalladi uku tsakanin 1911 da 1913, daga baya Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara wa 'yan makaranta. Abin da na lura da shi a nan shi ne yaro ya san mutum-gizon nan na fina-finan Amurka, wanda aka ƙirƙira a 1962, har rigarsa yana da ita, amma bai san wanda ya yaudari giwa ba. Laifin ba na yaron ba ne.

Bakan gizo kuma, da "idona ke mini gizo"?

Ba ruwan ƙwaron a ciki. Bakan gizo hasken rana ne da ya ratsa ɗigon ruwa ya rabu launi-launi, shi ya sa kullum rana tana bayanka in kana kallonsa. Mutanen zamanin da sukan ce yana shanye hadari, har suna kiran sa masharuwa. A Makka ganinsa sai an dace, mutanen Ɗa'if da Abha sun fi mu. Gizon ido kuwa shi ne abu ya riƙa bayyana maka alhali babu shi, irin ruwan da direba ke hangowa kwance a kan kwalta a hanyar Madina da tsakar rana.

Yanar gizo da intanet abu ɗaya ne?

A maganar yau da kullum an haɗe su, amma akwai bambanci. Intanet ita ce haɗin na'urorin kansa, wayoyi da turaku da manyan igiyoyin da ke kwance a ƙarƙashin Bahar Maliya, waɗanda wasunsu a Jidda suke fitowa tudu. Tushenta yana komawa 1969 a Amurka. Yanar gizo kuwa shafukan ne da ke manne da juna, ka taɓa nan ka faɗa can. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara ta a 1989 yana aiki a cibiyar binciken CERN kusa da Janiba, a 1993 cibiyar ta sake ta kyauta ga kowa. A Saudiyya an buɗe wa jama'a intanet a 1999. In ka kira gida ta WhatsApp intanet ka hau, in ka buɗe shafin jarida kana kan yanar gizo. Larabawa ma da ƙwaron suka sa mata suna, shabaka ankabutiyya. Manhajojin da Google ke aikawa suna bin shafi zuwa shafi suna tattara abin da ke ciki, su ma masu sana'ar gizo-gizo suke kiran su.

Likita ya ce mahaifinmu yana da zubar jini "tahtal ankabutiyya". Ƙwaro ne ya shiga kansa?

A'a, kuma wannan ba wurin ɓata lokaci ba ne. Ƙwaƙwalwa rufi uku gare ta, na tsakiyar siriri ne mai zare-zare, shi ya sa aka sa masa wannan suna. Zubar jini a ƙarƙashinsa galibi daga jijiyar da ta kumbura ta fashe ne, ko daga buguwa a ka. Alamarsa ciwon kai mai tsanani da ke sauka farat ɗaya, wanda mutum bai taɓa jin irinsa ba, wani lokaci da amai da sanƙarewar wuya. Wannan na motar asibiti ne, ba na Panadol ba. Daban yake da "awrida ankabutiyya" da ake gani a allunan asibitocin fata, waɗannan siraran jijiyoyi ne ja ko shuɗi a ƙafa, yawanci muninsu ne kawai damuwa.

Ina aiki a gonar dabino, yana ta rufe nonnan, mai gona ya ce ankabut ne.

Ankabutul gubar suke ce masa, ko gubair, sananne ne a gonakin Madina da Ƙasim da Ahsa. Wani mitsitsin ɗan uwan kaska ne da ido bai cika gani ba. Yana tasowa in zafi ya tsananta iska ta bushe, dabino yana kore, ya tsotse fatarsa, ya rufe shi da zare ƙura ta manne. 'Ya'yan su yi tauri, su yi ja-ja, su tsage, ba mai saye. Ana rage shi da wanke nonnan da ruwa, da barbaɗa farar wuta tun da wuri, da cire ciyawar gindin bishiya. Gizo-gizon gaske da kake gani a gonar ma'aikacinka ne. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa gizo-gizon duniya suna cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a shekara. Feshin da ba ya zaɓe har su yake kashewa.

Muna hawa na goma, ta ina yake shigowa, kuma yaya za a rage shi?

Ƙananan suna tashi sama. Ɗan gizo-gizo yakan hau wuri mai tudu, ya ɗaga ciki, ya saki zare iska ta ɗauke shi. Charles Darwin ya ga sun sauka a jirgin ruwansu a 1832, kusan kilomita 100 daga gaɓar Ajantina. Hawa goma ba komai ba ne. Sauran kuma mu muke shigo da su a kwali da tukunyar fure da kayan da aka kwaso daga sito.

Feshi ba ya daɗewa a kansu, don ba su cika taka inda aka fesa ba. Abin da ke aiki shi ne a hana su abinci da maɓoya: a gyara ragar taga, a toshe ratar da ke gefen mukayyif, a rage fitilar waje mai tara ƙwari, a bi kusurwoyi da tsintsiya ko na'urar zuƙe ƙura har da jakar ƙwan. Takalmin da ya kwana a waje a kakkaɓe shi kafin a sa, wannan ma saboda kunama ya fi. Masu ajiye kwalayen tsarabar alhazai wata da watanni a ƙarƙashin gado ko a sito, su sa safar hannu in za su ɗaga, su kuma zazzage kayan a waje kafin a ɗaure a kai awo.